Takardar da Hinda Ta Nema

Duk mai cin kasuwar Bande ya san Hinda mai ƙuli-ƙuli, wadda ke zama gefen rumfar masu gishiri da tasarta da galan ɗin man gyaɗa. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, in tana auna mai ba ta ɗaga kai sai ta gama. Ƙauyensu yana gabas da garin. Can aka haife ta, can kuma ta auri Malam Ɗayyabu, ɗan goggonta, shi ya sa wasan taubasai bai bar gidansu ba har furfura ta fito musu. In ya ce ta miƙo masa buta, sai ta ce yaushe ɗan mace ya fara aiken iyayengijinsa. Shi kuma ya ce ai sadakin da ya biya ya 'yanta shi tun tuni.

Shekarar da ta haifi ɗiyarta ta biyu ya yanka mata gamana, wato ɗan yankin gona da miji kan ba matarsa ta noma abin kanta. Cikin rabonsa na gado ya yanka, wurin da kowa ya raina, yashi fari fat wanda ko ƙaya ba ta son shi. Hinda ta yi ta kai masa tokar murhu da kashin awaki a ka. Duk tohon gawo da ta gani ba ta sare shi, sai ta rage masa rassa ta bar ƙwaƙƙwara ɗaya ya miƙe. Yau in ka tsaya a wurin sai ka ce ba ƙasa ɗaya ba ce da ta maƙwabta. Gyaɗar da take soyawa daga can take fitowa, da ita kuma ta yi wa 'yan matanta uku kayan ɗaki. Ɗa namiji Allah bai bar mata ba.

Hankalinta ya fara tashi ne bayan rasuwar mijin Balaraba, maƙwabciyarta. Da aka zo rabon gado, sai aka haɗa har da gamanar da Balaraba ta yi rabin rayuwarta tana nomawa. Ta ce marigayi ya ba ta. Aka ce, ya ba ki aro ne ko kyauta? Wa ya ji? Ba wanda ya ji, don magana ce ta tsakar ɗaki. Aka fitar mata da tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas, ɗan abin da bai kai shimfiɗar tabarma goma ba, sauran ya tafi.

Damina na kamawa kuma Malam Ɗayyabu ya yanke jiki ya faɗi a gona. A likitar Magariya aka ce hawan jini ne, aka ba shi ƙwayoyi, ya warware ya koma bakin aikinsa. Amma Hinda ba ta warware ba. Wata rana tana cirar ciyawa a gamanarta, Ukasha ƙanen mijinta, wanda gonarsa ke iyaka da tata, ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon itatuwan.

"Gawon gidanmu ya yi kyau bana, Yaya Hinda," in ji shi, ya wuce.

Wataƙila ba da wata manufa ya faɗa ba. Ita dai kalmar "gidanmu" ta tsaya mata a ƙirji kamar ƙashin kifi.

Ta kira Zahara'u, ƙaramar ɗiyarta da ke aure a Magariya, wadda ta yi lakwal, wato makarantar boko. Zahara'u ta ce ai mata da miji suna iya rubuta abin da ke na wane ko bayan aure ya daɗe. Masu hali a Damagaram suna zuwa wurin lauya ko notere, mai rubuta yarjejeniya da hatimin hukuma, amma kuɗin aikinsu kaɗai zai iya cin saniya. Hinda ta ga abin ya fi ƙarfinta. Sai a kasuwa wata mai sayen mai ta gaya mata cewa ga gona ba sai an je birni ba. Akwai kwamitin filaye a hannun mai gari, a kira shaidu da masu iyaka, a rubuta cewa kyauta ce, a kai Bande a manna tambur, wato kan sarki na hukuma. Kuɗin bai fi na zabbi kaɗan ba. Matar ta ƙara da abin da ta ji daga malamai, cewa kyautar da mutum ya yi wa magajinsa yana kan ciwon ajali ba ta tsayawa. Sai yana da lafiya, yana tafiya da ƙafarsa.

Kuɗin ba su dame ta ba, tana da zabbi. Bakin faɗa ne ba ta da shi. Ta yaya za ka dubi mutumin da kuka tsufa tare ka ce masa maganarsa ba ta isa ba? Ta shirya zancen tana daka, ta shirya shi tana jan ruwa, kullum in ta zo gabansa sai ya watse.

Wata safiya Malam Ɗayyabu yana ɗaura wa sansa amalanke, ta ga ya dafa ƙeya ya runtse ido na ɗan lokaci. Tsoro ya tura ta, duk abin da ta tsara ya gudu, abin da ya rage shi ya fito.

"Malam, ina son ka ba ni takarda."

Igiyar ta tsaya a hannunsa. "Takarda?"

"I. Tun kana da lafiyarka."

Ya dube ta yana jiran dariyar da ta saba biyo baya. Ba ta zo ba.

"Kin daɗe da wannan tunanin?"

"Tun rasuwar mijin Balaraba nake juya shi. Ba na son abin da ya same ta ya same ni."

"Yaran sun sani?"

"Zahara'u ce ma ta ƙarfafa mini gwiwa."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To. In haka kike so."

Ya kwance san da bai gama ɗaurawa ba, ya mayar da shi turke, ya shiga ɗaki. Hinda ta koma wurin turminta tana mamakin sauƙin abin. Sai dai furar da ta dama masa tana nan a rufe, bai taɓa ba, kuma ya fita ba tare da ya tsokane ta ba.

Tana cikin matse tunkuza Balaraba ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Ke Hinda, me ya haɗa ku? Na ga Malam ya shiga zauren liman, an aika a kira Ukasha."

"Alhamdu lillahi. Shaidu yake tarawa. Ni na ce ya ba ni takarda."

Balaraba ta dafe ƙirji. "Kika ce ya ba ki me?"

"Takardar gona mana."

"Kin ce ta gona?"

Sai a lokacin Hinda ta gane. A ƙasar nan, mace in ta dubi mijinta ta ce ya ba ta takarda, ba wanda zai tambaye ta wace iri. Ita ma ta san haka tun tana yarinya. Ta tuna yadda ta ce tun yana da lafiya, ta tuna ta ce ba ta son abin da ya sami Balaraba, matar da ta yi jinyar miji ta yi takaba. Ta zari mayafi da hannunta duk mai, ta fita da gudun da rabonta da shi tun ƙuruciya. Abu ɗaya ke kaɗa mata a kai: in ya riga ya furta, ya furtu.

Ta durƙusa a bakin zauren tana haki. Liman na zaune da farar takarda a kan gwiwa, Ukasha a gefe, mijinta ya sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam, ya faɗa?"

"Tun ɗazu nake ja masa rai," in ji liman. "Na ce auren da ya ga jikoki ba a kashe shi da hantsi. Ke kuma me ya yi miki?"

"Gona nake nufi! Gamanata. A rubuta cewa ya ba ni."

Liman ya ajiye alƙalami ya fara dariya har da tari. Malam Ɗayyabu bai yi ba. Ya ɗago idanunsa jajur.

"Na ɗauka gudun jinyata kike. Ashe lissafin bayana kike yi."

"Ba mutuwarka nake kira ba, Malam. Wa ya san mai rigan wani? Amma in ka riga ni, wa zan ce ya ji?"

Ukasha ne ya gyara zama.

"To ai ga mu, Yaya, sai a ji daga bakinka. Wurin nan, aro ka ba ta ko kyauta?"

Hinda ta dubi mijinta. Ita kanta ba ta taɓa tambayarsa ba. Mai yiwuwa shi ma ranar da ya yanka mata bai tsaya ya zaɓa ba, don wa zai yi dogon tunani a kan farin yashi?

"Da na ba ta, ko akuya ba ta kiwo a wurin," in ji Malam Ɗayyabu. "Abin da ke kai yanzu ba ni na sa shi ba. Kyauta ce. Liman, ka ji. Ukasha, ka ji."

"Na ji," in ji Ukasha, yana kallon ƙasa.

Bayan girbin gero mai gari ya zo da mutanensa aka zaga iyaka, aka rubuta, Hinda ta dangwala yatsa, Ukasha ma ya dangwala nasa a matsayin mai iyaka. Zabbinta suka tafi kasuwa, takardar ta je Bande ta dawo da tambur. Ukasha yana gaishe ta har yanzu, amma a taƙaice, matarsa kuma ta daina aiko yara sayen mai. Malam Ɗayyabu ya yi kusan wata ba ya dogon zance da ita. Hinda ta sami gonarta, tana kuma tsoron ta saye ta da tsada.

Ranar da aka fara ɗebe gyaɗa, ta fito da buhunan wofi tana tunanin wa za ta roƙa ya kai mata, sai ta tarar Malam ya riga ya ɗaura sansa, yana zaune a kan amalanken.

"Hau mu tafi, mai gona," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Amma ki sani, ɗan ƙwadago ba ya aiki sai da fura."

Ta koma ciki da sauri ta ɗauko ƙwaryar.