Hermelinda da Jar Fitila

Hermelinda Barahona ta riga ta yi jikoki kafin ta fara tuƙin tirela. Da can ɗinki take yi a wani kamfanin wanduna a Los Angeles, har kamfanin ya kwashe kekunansa ya yi gaba. Ƙanin mijinta ya ce ta nemi aikin shara a otal, ita kuwa ta je ta koyi mota. Gajeruwa ce ƙwarai. In ta shigo layi a tashar jiragen ruwa ta Long Beach, sai ka rantse motar ce ke tuƙa kanta.

Mu da muka riga ta shiga aikin, da mutane muka saba. Mai tuƙa ƙugiyar ɗaga kaya yana can sama, wani a ƙasa yana yi maka alama da hannu: matso, tsaya, ɗan ja baya. Ku zagi juna, ku yi dariya, a ɗora maka kwantena ka kama hanya. Da aka mayar da tashar hannun injuna, sai aka bar mu da fitilu. Ka shiga gurbinka da baya har koriyar fitila ta kama, ka kashe mota, ka sauko ka tsaya cikin wata 'yar rumfa, hannunka a kan madanni. In fitila ta koma ruwan ɗorawa, ƙugiya na tafe da kayanka. In ta yi ja, komai ya tsaya. Mu dai haushi muke ji, Hermelinda kuwa ko a jikinta.

"Nazario, kai fa da fitila kake faɗa," ta ce da ni wata rana. "Ta taɓa mayar maka da zagi?"

Ita ce ta fara nuna mini cewa jar ma iri biyu ce. Mai ƙiftawa, motarka ce ta karkace, sai ka gyara. Wadda ta tsaya ƙyam kuwa, injin ya ga wani abu a inda bai kamata ba. Sababbin direbobi har lambarta suke karɓa, tana tuƙi tana yi musu karatu ta waya.

Wata ranar zafi da azahar ina jira a bayanta. Ta shiga gurbi sumul, ta sauko, ta shiga rumfa. Ƙugiya ta taho da kwantena, tana gab da saukewa sai fitila ta yi ja, ta tsaya ƙyam. Kwantena ta tsaya a sama. Muka jira, muka gaji. Aka fara danna oda daga baya.

"Doña Linda, ko injin bai hango ki ba ne?" wani direba ya ƙwala ta taga, da sunan da muke kiran Hermelinda. "Ɗan yi ɗage mana!"

"Zo ka ara mini tsayinka, tunda ba abin da kake yi da shi," ta mayar masa.

Sai murya ta fito daga lasifikar rumfar. Wani ma'aikaci ne da ke zaune a ofis yana duba kyamarori. Ya ce bai ga komai ba, wataƙila leda ce iska ta kwaso. In ta tabbatar babu kowa, zai saki ƙugiyar.

"Ban tabbatar ba, ɗana. Kulle ta tukuna."

Ya kulle. Ta fito daga rumfar ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin tirelar. Daga inda nake na ga ta miƙe da gudu, hularta ta faɗi ba ta waiwaye ta ba.

Gurdial Sandhu ne, wani dattijon direba ɗan Punjab da ke gurbin kusa da nata. Ya zagaya ya duba makullin tirelarsa, abin da aka hana, sai jiri ya kwashe shi, ya zube tsakanin motocin biyu, kafaɗarsa a jikin tayar Hermelinda. Da an ɗora kayan fitila ta yi kore, da ta ja mota ba ta san da shi ba. Na iske ta tallafe da kansa, rawaninsa ya warware, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yana magana ba kai.

"Baba, kana da ciwon sukari?"

Ya gyaɗa kai. Ta tura ni motarta na ɗauko gorar ruwan tsamiya da take haɗawa kullum, mai zaƙi kamar zuma. Tana ba shi kaɗan-kaɗan har idonsa ya dawo daidai. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an ɗora masa kayansa.

"Kayan gidanku," in ji ta. "Sha."

Motar asibiti ta tafi da shi. An hana shi shiga tashar na ɗan lokaci saboda ya taka doka, bai yi gardama ba. Da ya dawo sai ya koma kiranta ƙanwarsa, a gaban kowa, ita kuma ta ɗora masa ido: in suka haɗu a layi sai ya nuna mata abincin ranarsa ta gilashi kafin ta ƙyale shi.

Da ya tashi aurar da 'yarsa, a teburin dangi aka zaunar da ita. Matarsa ta ɗinka mata kaya irin nasu, Hermelinda ta juya rigar ta duba ɗinkin ciki, ta ce ba laifi. Ta yi rawa har gwiwa ta hana ta aiki washegari.

Yanzu gashinta ya yi fari, tana nan tana ɗaukar kwantena. Ta ce sai ranar da ta kasa hawa motar za ta ajiye. Ranar Lahadi in an taso daga coci takan bi matar Gurdial zuwa wurin ibadarsu, inda ake dafa abinci kowa ya ci kyauta. Sun ba ta aikin murza gurasa. Tata kullum kauri take yi, kamar wainar masarar ƙasarsu El Salvador, matan suna dariya suna gyara mata hannu. Ta ce haka ta iya, wanda bai so ya ɗauki ta wani.