Ku Bar Nuhad Ta Yi Shiru

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin Lahadi, tara ga watan Nuwamba, Allah ya karɓi ran Nuhad Sabbag, Ummu Giyas, a gidanta da ke unguwar Muhajirin, bayan doguwar jinya. Da la'asar muka kai ta makwancinta a maƙabartar Dahdah. Mutanen Dimashƙa kaɗan ne suka san fuskarta, amma da wuya a sami gidan da muryarta ba ta shiga ba.

Nuhad, tun gashin kaina yana baƙi nake tsayawa kusa da ke a ɗakin ɗaukar murya, muna sa wa fina-finan wasu ƙasashe Larabci. Ke ce yaron nan mai ƙiriniya a katun, ke ce surukar da kowa ya tsana a fina-finan Turkiyya. Ranar da na fara aiki, takardar hannuna na ta ƙara ana sake ɗauka. Kika leƙa wajen injiniya kika ce, "Awarwarona ne, a sake." Alhali awarwaron yana cikin jakarki tun a bakin ƙofa.

Lokacin da 'yar injiniyanmu ta kwanta asibiti ta ƙi shan magani, ke kika riƙa kiranta a waya da muryar yaron katun, har ta shanye ta warke. Ba ki taɓa bari an gaya mata gaskiya ba.

Amma kina da taurin kai, Allah ya gafarta miki. Idan aka rubuto miki maganar da ba ta kwanta miki ba, sai ki cire abin sauraro daga kunne ki harɗe hannu. "Ya Abu Fadi," kike ce mini, "wace uwa ce za ta faɗa wa ɗanta haka? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa goyo ba." Darekta ya yi ta huci, a ƙarshe dai a gyara. Mun sha rasa abincin rana saboda ke, kuma ban taɓa ganin gyaran da kika yi ya lalata fim ba.

Dole in gaya miki abin da ya faru ranar uku. Muna zaune wajen karɓar gaisuwa, ana zagayawa da gahawa mai ɗaci, sai ga manajan kamfanin da muke yi wa aiki. Ya zauna kusa da ɗanki Giyas, ya ce ya kawo masa tsaraba. Ya danna wayarsa, sai muka ji ki kina cewa, "Na gode da zuwanku, Allah ya saka." Giyas ya miƙe zumbur ya juya wajen ƙofa. Na ga fuskarsa lokacin da ya tuna inda ya ajiye ki, kuma ba zan yafe wannan ba.

Manajan ya ce sun zuba wa na'ura tsoffin ayyukanki ta koyi muryarki. Fim ɗin da kike kaka a ciki bai ƙare ba, idan Giyas ya yarda na'urar za ta ƙarasa. "Ka ga mahaifiyarka ba ta mutu ba ke nan," in ji shi.

Na ce, "Ustaz, wannan abin naka yana gardama?"

Ya ce, "Ko kaɗan, ya ammu," wato baffa. "Duk abin da ka rubuta shi zai faɗa."

Giyas ya goge idonsa ya ce, "To ba Mama ba ce. Kashe shi."

Ban ce na'urar ba ta iya ba. Ta iya, har tsagewar nan ta maƙogwaronki ta kwaikwaya, kuma baɗi za ta fi haka iyawa. Abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Gobe a sa ki tallar sabulu, jibi a sa ki zagin wanda ba ki taɓa zagi ba, kuma babu damar ki harɗe hannu.

A ɗakinmu, idan ɗayanmu ya rasu aiki bai ƙare ba, wani mai rai ke karɓar muryarsa da izinin iyalinsa. Mun gaya wa kamfani haka za a yi, ko kuma babu wanda zai tsaya gaban makirufo. Suka aiko cewa mu ma suna da tsoffin muryoyinmu a ajiye. Mun ji. Ni na tsufa, ban iya wata sana'a ba, kuma ina jin tsoro. Amma ba zan tsaya ina amsa wa gawarki magana ba.

Allah ya jiƙan ki, Ummu Giyas, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Giyas, da ƙanwarsa Rahaf, da dukan iyalan Sabbag. Allah ya ba ku haƙuri, mu ma ya ba mu.

Kin yi magana iya rabonki. Ki kwanta ki huta, muddin muna numfashi ba za a tashe ki aiki ba.