Ɗorin Ƙafar Yayana

Ƙashi ashirin da shida ne a ƙafar mutum, daga dunduniya zuwa kan yatsu. Na haddace su a makarantar koyon aikin lafiya, har na ci jarrabawa a kansu ina ta hura hanci. Na san inda agara ta kama dunduniya. Na san ƙasusuwan ƙwauri biyu da suka sauko suka riƙe idon sawu ta ciki da ta waje. Na san jijiyar jinin da ke bi ta saman ƙafa, wadda in ka ɗora yatsu biyu a kanta za ka ji tana bugawa. Duk na sani, kuma wallahi ranar da aka buƙaci sanin bai tsinana wa kowa komai ba.

Yayana manomi ne a ƙauyenmu da ke bayan Roni, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinmu. Shanun huɗa biyu gare shi. Wanda bai taɓa riƙe garma ba gani yake shanu ne ke aikin, alhali ƙafar mai bin su ita ke shan wuya, daga hantsi har la'asar cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tafin ƙafar Yaya ya yi kanta, dunduniyarsa duk faso, ƙaya ma haƙura take da shi. Da wannan ƙafar ya ciyar da mu, da ita ya kai ni makaranta. Tun da na fara aiki a wani ɗan ƙaramin asibiti a Kazaure ya laƙa mini "Likita", don tsokana.

Farkon wata damina yana sauke taki daga amalanke, sa ɗaya ya razana ya fizga, taya ta bi ta kan idon sawunsa na dama. Sai washegari labari ya iske ni. Ko da na iso gida an riga an gama komai. Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya sa an ɗauko wani maɗori daga wajen Gwiwa, mutumin da ya gaji ɗori kaka da kakanni. Ya ja ƙafar, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera karare ya naɗe da tsumma tamau. Ya ce kada a taɓa sai ya dawo bayan mako guda, ya wuce ta'aziyya can cikin Nijar.

Na sami Yaya kwance a zaure, Baffa na zaune a gefensa. Na gaishe su, na durƙusa wajen ƙafar. Yatsun ne kawai a waje, sun kumbura suntum. Na taɓa su, sanyi ƙalau kamar randa. Na danna farcen babban yatsa na saki, jini bai dawo ba. Na cusa yatsuna ƙarƙashin tsumman da ƙyar, ina laluben jijiyar nan ta sama. Shiru.

Na ce, "Yaya, kana jin ina taɓa ka?"

Ya yi dariya. "Jiya dai kamar ana zuba mini garwashi, har kuka na yi. Yau kuwa alhamdu lillahi, ko ɗigon ciwo babu. Ka ga aikin manya ko, Likita?"

Kowa a gidan murna yake ciwo ya lafa, ni kaɗai na san ba lafawa ya yi ba, ƙafar ce ta fara mutuwa.

Na juya wajen Baffa, na sunkuyar da kai. "Baffa, ɗaurin nan ya yi tsauri, jini ba ya sauka. A yi mini izini in sassauta, ko mu kai shi asibiti."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ka taɓa ganin an kwance ɗorin wani? In wani hannu ya taɓa, tofin ya karye, ƙashi ba zai kama ba har abada. Mutumin nan ubansa ne ya ɗora ni da na faɗo daga kan kuka, ga ni da ƙafata. Kai a asibitin naku me kuka iya in ba yankewa ba?"

Inna ta leƙo daga ƙofar cikin gida. "Don Allah kada ka ja da Baffanka. Ka bari mai shi ya dawo."

Akwai almakashi a jakata, ina jin tudunsa a cinyata. Aikin minti ɗaya ne. Da na yi, Baffa zai zage ni, ƙila ya daina amsa gaisuwata shekara guda, ƙila a ce boko ya lalata ni. Shi ke nan fa abin da zan rasa. Amma ni da gemuna, da takardar shaidata, na buɗe baki na ce, "To, Baffa." Na ajiye wa Yaya ƙwayar rage zafi, mutumin da ba ya jin zafi, na hau babur na koma Kazaure. Har gobe in na tuna "To" ɗin nan sai in ji kamar in mari kaina.

Kwana biyu ina kiran wayar maɗorin, ba ta shiga. A na uku matar Yaya ta kira ni, ta ce zauren ya fara wari kuma zazzaɓi ya rufe mijinta. A wannan karon ban nemi izinin kowa ba, na ɗauko mota. Daga Kazaure aka tura mu babban asibiti a birni. Likitan ya datse tsumman, kararen suka zube. Ƙafar ta yi baƙi ƙirin har sama da idon sawu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni, "Duk gidanku babu wanda ya san aikin lafiya?"

Na ce babu.

A ƙasan gwiwa suka yanke. Da yake naman Musulmi ne, suka miƙo mana ita a naɗe don mu binne. Ni na rungumo ta a mota har gida, kuma ban taɓa zaton ƙafa tana da nauyi haka ba. Ni da Baffa muka sa ta a farin ƙyalle, muka haƙa ɗan rami a gefen maƙabarta ana yayyafi. Baffa na ta faɗin ƙaddara ce. Ni dai sauri kawai nake mu rufe in bar wurin.

Shanun ba su kai wata daminar a gidan ba. Gonar yanzu maƙwabci ke nomawa, ya ɗan sammana. Yaya yana wuni a ƙofar gida yana tufka igiya, sandunansa jingine da bango. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tsokanar ma ya daina.

Bara da na je gaishe shi bayan salla, ya jira mutane suka watse, ya rage murya.

"Ƙanina, in tawa ta zo, ina so a sa ni kusa da ƙafata. Ka shaida wurin ko?"

Na ce na shaida.

Sau uku ina zuwa maƙabartar ni kaɗai. Ruwa ya baje gefen nan duka, tafasa ta rufe shi, an kuma yi sababbin kaburbura a jere. Ko dutse ɗaya ba mu ajiye ba ranar. Baffa ya rasu, babu wanda zan tambaya.