Yatsun Inna a Bakin Zane

Hoto ɗaya tak gidanmu ya mallaka, kuma ni ya faɗo wa a gado, don babu wanda ya yi gardama a kansa. A garinmu Ƙofa aka ɗauke shi, ranar da wani mai hoto ya biyo daga Kwanar Dangora da akwatinsa mai ƙafa uku.

Baba na zaune a kujerar aro, rediyo a cinya, ya ɗaure fuska kamar an kawo masa ƙara. Ni da ƙannena maza muna tsugune gabansa, an yi mana aski ƙwal. Har keken Baba an jingina a gefe, ya samu shiga. Inna ba ta samu ba. Matar aure ta tsaya gaban baƙon namiji? Ko zancen ba a tayar ba.

Sai mai hoton ya ce katangarmu ta yi muni, a nemo abin rufe ta. Inna ta ciro zanenta na ƙasan adaka, ta kife turmi ta hau, ta ware hannuwa ta riƙe shi, ita tana baya.

Ni ne ɗan fari. Kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunana ba, balle ta dube ni ido cikin ido. Yanzu ta daɗe da rasuwa, ƙannena sun watse neman abinci, ni kaɗai na rage a gidan. Abin da ke cin raina shi ne fuskarta ta fara ɓace mini. In na rufe ido, sai in ga mayafi kawai. Ga keke kuwa, har ƙararrawarsa ta fito fes. Wannan yana ba ni haushi, ba na ɓoyewa.

Bara na kai hoton Tudun Wada wurin wani mai gyara a kwamfuta. Ya ƙara girmansa, ya nuna bakin zanen daga sama.

"Baba, in goge wannan dattin?" ya tambaye ni.

Na matsa kusa, na gyara tabarau. Yatsu ne, baƙaƙe ƙirin da lalle, sun damƙe zanen gam.

"Kada ka taɓa," na ce.

Hoton yana rataye a zaure yanzu. Baƙi kan nuna rediyon su yi dariya. Ni sama nake kallo. Tana nan daidai bayana, kan turmi, har yau ba ta sauke hannu ba.