Bara'atu Ta Zaɓi Kongo

Duk wanda ya taɓa sayen zuma a kasuwar Birnin Gwari ya san Bara'atu, 'yar Mainasara mai zuma. A Kutemeshi aka haife ta. Tana aji huɗu a firamare daji ya ƙi zaunuwa, uban ya kwaso iyalinsa suka dawo gari, ya bar gonarsa. Tun daga nan, in an tashi makaranta sai rumfa. Ga ta da baki: mutum ya zo ɗanɗano kawai, ya koma da kwalba biyu.

Bayan ta gama sakandare, guraben karatu biyu suka fito mata a mako guda: kasuwanci a Kaduna, da difilomar shari'a a Kongo, Zariya. Ranar har maƙwabta sun sha kunun gyaɗa.

"Uwata," in ji Mainasara, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "wannan ai ba abin shawara ba ne. Kasuwa a jininki take."

Ita kuwa zuciyarta ta rabu. Ta yi istihara, ta tambayi malamanta, kowa da nasa.

Ana cikin haka hanya ta lafa, ta raka uban duba gona. Suka tarar ciyawa ta cinye iyaka, ɗorawar da ta raba gonarsu da ta Andrawus, amininsa na shekara talatin, an sare ta. Andrawus ma ya zo duba tasa, kafin ka ce me, dattawan nan biyu sun fara ɗaga murya a kan inda iyakar take.

Bara'atu ta durƙusa ta ce, "Baba Andrawus, in kana hutawa a gindin ɗorawar, me kake hange?"

"Dutsen can, daidai bakin rafi."

"Kai fa, Baba?"

"Shi ɗin dai."

Ta sa su suka yi ta ja da baya suna duban dutsen, har ƙafar Andrawus ta ci karo da kututturen ɗorawar a cikin ciyawa. Tsoho ya zauna a kai yana dariya har da hawaye.

"Mainasara, kana da alƙali a gida kake neman mai da ita 'yar tireda?"

Kafin la'asar mata uku sun zo mata da irin wannan matsala, biyu daga cikinsu mazansu sun rasu. A mota ta ce, "Baba, Kongo za ni."

Mainasara ya ce, "Allah ya sa albarka. Amma rumfa za ta yi kewarki."

Ranar tafiya Andrawus ya zo tasha da rabin buhun gari da zakara. Mainasara kuwa duk fasinjan da ya shigo sai ya nuna masa ita: "Lauya ce."

"Baba, ko aji ban shiga ba!"

"Yi shiru, Uwata. Direba, a ba ta gefen taga."