Littafin Ƙwarangwal na Kawu

Jiya a kasuwar Maigatari na ga wani dillalin shanu yana cika baki, sai na tuna Kawu. Yana da tsohon littafin Jamusawa mai warin cikin adaka, kowane shafi da zanen ƙwarangwal, wato mutuwa, yana jan wani zuwa rawa: sarki, manomi, har jariri. Yakan dangwala yatsa ya ce mini, "Ɗana, ga dillali nan, an kama hannunsa bai gama ciniki ba."

Da ya rasu, 'ya'yansa suka ce tsafi ne, suka ƙone littafin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wanke mamatan unguwa, shi ne matsafi? Ina tsaye ban ce uffan ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya yafe mini shirun nan.