Baba Altine da wayar da ba ta da dangi

Yau da sahe labarin yas same ni bisa mashin, na kama hanyar gidan Baba Altine kamar kullum. Mai shayin bakin kasuwa yat tsai da ni, yac ce, "Lawali, kashe mashin ɗin ga. Baba Altine ya rasu bayan sallar asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Allah shi gafarta min, har yanzu haushi nai nika ji. Mutum shi saba ma da tashin sassahe wata huɗu, sannan shi tahi ba ko sallama.

Ga waɗanda ba su san shi ba, abokin kakana na, tare sunka yi noman albasa a fadamar Rima tun suna samari. Da kaka yar rasu sai wasan jika yad dawo tsakanina da shi. Ni ka ɓoye mai takalmi a masallaci. Shi ko in yag gan ni da fasinja sai shi ce, "Sauka, bawan Allah, wanga ko allo bai riƙe daidai ba, balle kan mashin."

Amma duk shekara in anka hiddo albasa, sai mun iske buhu ƙohwar ɗakin innata. Bai taɓa cewa shi yak kawo ba.

Bara yaz zame a bakin rijiyar fadama, gwiwa tak kumbura. Babban ɗa nai, Yaya Sani, yac ce zuwa fadama ya ƙare. Baba yac ce sai dai in gawa tai za a hana. Anka yi ta ja, daga baya anka shirya a kai shi ƙaramin asibitin garinmu, inda Malama Hajo ka auna tahiyar tsofaffi da waya. Abin da waya tac ce, shi za a bi.

Awon ba wuya. A ɗaura ma tsoho waya a ƙugu, shi zamna bisa kujera. In Malama tac ce tashi, shi tashi, shi taka zuwa layin da anka ja da alli a baranda, shi juyo shi zamna. Waya na ƙirga lokaci, tana jin yadda jiki ka tangaɗi. In ka daɗe, ta sa ka cikin waɗanda aka tsoron su hwaɗi.

Ni nik kai shi. Kuma na san abu guda da masu ƙera wayar ga ba su sani ba: Baba Altine bai taɓa yanke gaisuwa ba a rayuwa tai.

Shaiɗan yar raya min. Niz zagaya bencin masu jiran layi, nir raɗa ma mutum ukku cewa ga Baba Altine can, tun ɗazu shika cigiyarku.

Baba na tashi, taku biyu, na farko yad durƙusa. "Baba, ina kwana?"

Baba yaj ja birki tsakiyar baranda. Ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, yaya jikin tsohuwa, an yi dashe can wajenku?

Malama tac ce, "Baba, waya tana ƙirgawa fa."

Yac ce, "Ta ƙirga, ɗiyata. Ita ba ta da dangi."

Sau ukku anka sake, sau ukku hakanan. Sakamako yah hito ja, alamar hatsari. Malama tac ce ita ba ta yarda da awon ga ba, a dawo wata rana. Yaya Sani jan kaɗai yag gani. Yac ce magana ta ƙare, haka munka shirya.

Ranar na yi dariya har ciki yay yi min ciwo.

Wata biyu tsohon ga na zamne bisa tabarma ƙohwar gida, ana wuce shi da injin ban ruwa da fartanya. Ya daina korar min fasinja. In na wuce sai shi ɗaga hannu kawai, kamar kowa. Wannan yaf fi komi ci min rai. Ƙafar ma sai ƙara sandarewa takai.

Ni da kaina nik koma nir roƙi Malama a sake awo, ban dai hwaɗi mata abin da niy yi ba. Tay yi dabara. Kafin a ɗaura waya tas sa shi yag gaisa da duk wanda ag ga baranda, har maigadi. Mun kusa awa guda. Sannan tas shigar da shi ɗaki, ni kuma nit tsare ƙohwa kamar soja, ko limami yaz zo ba shi shiga.

Yat tashi lafiya. Yak kai layi, yaj juyo lafiya. Saura taku biyu shi zamna, sai yat tsaya yad dube ni.

"Kai Lawali, yau ba ka gaishe ni ba."

Jama'a, don Allah mi za ka yi da irin wanga mutum?

Nid durƙusa nig gaishe shi, har da ina gajiya, Malama ta dafe kai. Anka sake daga farko. Sai sannan wayar tas samu abin da taka nema. Ba ja ba, ba kore ba. Shina iya zuwa fadama, amma da sanda, kuma ba shi kaɗai ba, kuma kada shi taka duk nisan ga da ƙafa. Malama tad dube ni tac ce, "Ai ga mai mashin."

Hukuncina ke nan. Wata huɗu, kullum sahe. Daga ƙohwar gida zuwa fadama sai mun tsaya gaisuwa wuri goma, in yi ta zuba hon shi yi kamar kurma. Ga sandar, rabin aikinta dungure min ƙeya na.

Jiya da la'asar muna dawowa, yam matso kusa da kunnena yac ce, "Mutanen nan ukku da kat turo min a asibiti, guda ban taɓa ganinai ba duniya."

Saura kaɗan mu hwaɗa rami.

Nic ce, "Baba, ashe ka sani?"

"Tun ranar."

"To mi yas sa kat tsaya? Fadamarka fa aka magana."

Yac ce, "Mutum shi ce min ina kwana, in wuce shi don waya? Kai dai gobe ka zo da wuri, akwai ban ruwa."

Bakina ya ɗauko "ka yahe min", nim mai da shi. Nic ce Allah shi kai mu. Na ɗauka akwai gobe.

Na ko zo da wuri, Baba.

Yaya Sani, yanzu ka ji wanda yas sa wayar tay yi ja. Abin da kag ga dama ka yi min, na ɗauka. Ban ruwan ga kuma, in mun dawo daga maƙabarta ni zan yi shi.

Allah ka gafarta ma Baba Altine, ka haskaka kabari nai, ka sa shi tashi ranar tsayuwa da ƙafa mai ƙarhi. Ka ba iyali nai haƙuri. Ni kuma ka yahe min wata biyun da niz zamnar da shi.

Duk wanda yak karanta wanga, don Allah shi sa shi cikin addu'a. Kuma kada ku gaggauta ta. Shi bai taɓa gaggauta gaisuwarku ba.